Manomin da Ya Bar Cin Tuwo

A shekarar da kuɗin mota ya gagari talaka, Hure tana suyar awara a bakin kasuwar Gezawa. Nan ta fara ganin Muntaka, dogon manomi mai sanyin murya, ya tsaya yana kallon kaskonta kamar mai shawara da zuciyarsa.

"Malam, awarar ba ta cizo," ta ce.

Ya yi murmushi. "Mai awarar fa?"

Kasuwa uku yana zuwa kafin ya gaya mata gaskiya. Ciwon suga yake da shi. Ya lura in ya ci tuwo na'urar gwajinsa takan haura, in ya tsaya a awara da zogale da ƙwai sai ta sauka. Da ya faɗa wa likitan da yake gani, tsawa ya sha, aka ce ya ci tuwon alkama ya bar iyayi. Sai ya bar tuwon a ɓoye, amma ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa yadda aka rubuta.

Ranar ya turo mata saƙo: "Hurena, yanzu kin san komai. In kin ji tsoro ba zan ga laifinki ba."

Ta amsa: "Na ji tsoro, Malamina. Amma ka turo magabatanka."

Da damina mahaifinta, Malam Tasi'u, ya kira gayyar noma, kuma ai mai neman aure shi ne a kan gaba. Muntaka ya sha maganinsa, ya kama fartanya tun safe. Da aka kawo kunu ya kauce, yana kunyar a ce surukin gida ya zo da lalura.

Hure na sauke ƙwaryar kunu ta biyu ta hango shi ya durƙushe a kan kunyar gona. Jikinsa na karkarwa, gumi kamar an watsa masa ruwa, maganarsa ba ta fita daidai.

"Iska ce! Ku kawo hayaƙi!" in ji wani dattijo.

Hure ta tuna Muntaka ya taɓa gaya mata alamun faɗuwar suga. Ta ratsa maza, ta tallabo kansa, ta riƙa ba shi kunu mai zaƙi kaɗan-kaɗan har idonsa ya dawo. Duk ƙauyen ya gani, kuma duk ƙauyen ya yi magana.

Da yamma Malam Tasi'u ya kira ta zaure.

"Ƙanena Abdussalam da wannan ciwon ya tafi. Sai da aka yanke masa ƙafa, ni na riƙe shi. Ba zan aurar da ke don ki yi takaba ba. Ga Basiru mai shago, lafiyarsa ƙalau, jiya ma ya sake aiko."

Hure ba ta yi musu ba, don abin da Baba yake tsoro shi take tsoro. Saƙon Muntaka ya shigo: "Baba yana da gaskiya. Ki yafe mini, sahibata." Ta karanta, ta yi kuka, ta ƙi amsawa.

Maimakon amsa, sai ta shiga cigiya. Duk wanda ya tsaya gaban kaskonta sai ta tambaye shi ko ya san likitan suga mai sauraron mutum. Wasu suka yi mata tallan sassaƙe, wasu suka yi dariya. Sati biyar ana haka, kafin wata malamar jinya ta ba ta lambar Dakta Safara'u a Rijiyar Zaki.

Ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ka je ka ji da kunnenka. In ta ce babu mafita, na haƙura."

Suka tafi su uku, ita da Baba da Muntaka. Likitar ta duba littafin da Muntaka yake rubuta gwajinsa, ta daɗe a kai.

"Rage tuwon bai zama laifi ba," ta ce. "Kuskuren shi ne ka rage abinci, maganin bai ragu ba, ga aikin ƙarfi. Hakan zai iya kashe ka. Zan gyara maganin, ka riƙa zuwa duk wata, kada ka sake canza komai kai kaɗai."

Malam Tasi'u ya gyara zama. "Likita, 'yata za ta yi takaba?"

"Baba, rai na Allah ne. Amma masu irin ciwonsa da yawa suna tsufa, in suka kiyaye."

Wata huɗu Malam Tasi'u yana karɓar littafin gwajin yana sa a karanta masa, Hure kuwa kullum gabanta na faɗuwa. Sai bayan kaka ya ce a sa rana.

Ranar ɗaurin aure, da aka shafa fatiha, Hure tana bayan labule ta ga Baba ya kama hannun angon ya ƙi saki.

"Muntaka, na binne ƙanena. Ba na son in binne ka. Ka kula da kanka, kai nake so ka sa ni a kabari."

Muntaka ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. "In Allah ya yarda, Baba."

"To Allah ya ba ku tsawon rai da zuri'a ta gari."

Zauren ya amsa da amin, Hure ma ta amsa a hankali.