Allon Bakin Rijiya

"Kalma guda tar rage, Safinatu! Rubuta mu ƙare!"

Ta tsaya riƙe da alli, idonta a kan allon, ba ta dube ni ba.

"Maniru, mu sa 'rijiyar gari' kawai... kowa ya san ta."

"Rijiya huɗu ag garin ga! Wacce ciki? Sunanta rijiyar Hajjo, shi za mu sa!"

Na ga ta kau da kai, amma ban tsaya tambaya ba. Kwana uku na yi ina haɗa allon nan a barandar ɗakin shan magani. Na goge katakon, na fasa tsofaffin batiran tocila na daka baƙin cikinsu, na kwaɓa da ruwan ƙaro na shafe shi sau uku. Ita kuma malamar firamare ce mai hannun zane. Ta zana rijiya mai ruftaccen baki, da ƙafar mutum kurkunu na fita daga idon sawu, har sai da tsigar jikina ta tashi.

"Haba masoyi, ka bari..." ta ce a hankali.

"Bari, bari! Shi yak kashe mu! Wanga wata mutum goma sha ɗaya na ɗaure ma ƙahwa, ga damina ta zo ba mai iya riƙa hauya. Dibi kantar magani, ko bandeji babu! Ke ma da kika yi boko tsoron suna kike?"

Ta ajiye allin a hankali, ta ja mayafinta ta tafi. Ko sallama ba ta yi ba.

Shekarar 1983 ce, shekara ɗaya da turo ni aikin ba da magani daga Bodinga zuwa wannan ƙauye na ƙasar Shagari, gaba kaɗan da Lambara. Bangon gari duk hotunan zaɓe, magani kuwa sai labari. Abin da ya rage mini shi ne bakina da allo. Ranar Juma'a mai zuwa kuma baffannina za su zo neman auren Safinatu wurin mahaifinta, Malam Mijinyawa.

Na ɗauki allin na rubuta da kaina, da boko da ajami, manya-manya: RIJIYAR HAJJO NA SA CUTA.

Na riga na san halin mutanenmu, wani zai bi da hannun riga ya share. Don haka na cika baki da ruwan ƙaro na fesa ta cikin kara, allin ya kama jikin katako. Da ya bushe na bi shi da man sheƙi na kafintoci da na zo da shi daga Bodinga, shafi biyu. Ranar Talata da hantsi na kafa shi a bakin rijiya. Ko ruwan sama ba zai taɓa shi ba.

Na koma ina jiran a zo a yi mini faɗa, na ma shirya amsoshi. Ba wanda ya zo. Mai shayi ya miƙo mini kofi bai ce uffan ba. Safinatu ta wuce daga makaranta ta bi ta bayan masallaci don kada ta biyo ta ƙofata.



Da la'asar sai ga Inno, yayar Malam Mijinyawa, tsohuwar da kullum take tsokanata da "angon allura". Yau ba wasa a fuskarta.

"Ɗan nan, taho ka gani."

Muka laɓe bayan wata bishiyar bedi. Malam Mijinyawa ne durƙushe gaban allon, dattijo mai furfura, da tsumma da ƙwaryar ruwa. Yana gogewa, yana sake jiƙa tsumman, yana gogewa. Ba ya taɓa zanen, wuri ɗaya kawai yake bi. Rubutun sai ƙara ƙyalli yake.

"Inno... mi ya hwaru?"

"Wa aka ce ma Hajjo?"

"Sunan rijiya na..."

"Sunan rijiya!" Ta riƙe haɓa. "Matarsa ta. Uwar Safinatu. Wurin haihuwa tar rasu, shi ko yas sai da shanunsa biyu yag gina rijiyar ga sadaka, ladar ta riƙa iske ta. Kai ko ka zo ka rubuta ma duniya tana sa cuta."



"Ba ta taɓa hwaɗa min ba! Inna kawai take cewa!"

"To da mi za ta ce? Kai da bokonka, ka taɓa jin ɗiyar kirki ta kama sunan uwarta? Kuma ka ce ta rubuta shi da hannunta!"

Na tuna yadda ta kau da kai. Na tuna abin da na ce mata. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Mijinyawa ya ce a aika Bodinga," in ji Inno, "a ce ma baffanninka su dakata."

Ranar Laraba ban iya karyawa ba. Na je ƙofar gidansu na aika a kira ta, sau biyu ana cewa tana aiki. A na uku ta fito zaure, idanunta jajur.

"Ki yahe min, Safina... ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba, Maniru. Kai kullum ka riga ka sani."

"In cire shi? Ki ce in cire, yanzu in ƙone shi!"

Ta ɗago ta dube ni.

"Ka cire, su ci gaba da sha? Ɗalibaina huɗu na kwance. Ni niz zana ƙahwar nan, ba tilasta min kay yi ba." "Baba bai ci abinci ba tun jiya. Ba hushi ad da shi ba, tsoro na. Cewa yake, in ruwan na cutar da mutane, mi ka isa ga Inna cikin kabari?"

Duk karatuna bai tanadar mini wannan ba.

Na koma na fasa kwalba, na ɗauki wani guntu mai kaifi na nufi rijiya. Lokacin mata na ɗiban ruwa, kowa ya tsaya kallo. Na durƙusa inda dattijon ya durƙusa jiya na fara kankarewa. Man ya riga ya kama, sai da ƙyar yake ɓarewa. Kwalbar ta yanke ni a yatsa, ban tsaya ba.

"A'a, likita na share aikinsa!" wata ta ce, aka yi dariya.

Sai na ji inuwa a kaina.

"Ka gane ƙarya kar rubuta?" Muryar Malam Mijinyawa ce.

In na ce "e" kawai, neman auren Juma'a zai dawo. Na ga Safinatu can nesa tare da Inno, ta dafe ƙirji.

"A'a, Baba. Cutar gaskiya ta. Bakin rijiya ya ruhta, masu kurkunu na shiga da ƙahwa, mu sha. Amma ba laihin mai sunan ba na, namu na da munka bari ta lalace. Ni ko na yi rashin kunya. Ka yi min yadda kag ga dama."

Ya juya ya dubi rijiyar.

"In an tace ruwan fa?"

"Da ƙyalle mai tsabta, kurkunun ba ya wucewa. In an ɗaga bakin da siminti, shi ke nan."

Ya juya ya nufi gida. Na ce a raina, ta ƙare.

Duk da haka na kankare allon kaf, na sake shafa baƙi. Ranar Alhamis Safinatu ta zo bakin rijiyar da allinta, Inno na gadinta. Ta zana tulu, ƙyalle ɗaure a bakinsa, hannun mace na zuba ruwa. A ƙasa ta rubuta: TACE KAFIN KA SHA. MU GYARA SADAKARMU.

Ina cika baki da ruwan ƙaro sai ga Malam. Na fesa. Nan take zanen ya dushe, allon ya koma baƙi wuluk kamar ba a taɓa rubuta komai ba.

"Subhanallahi! Ka ɓata mata aiki!" ya ce.

"Haka yake yi in ya jiƙe, Baba. Shi bushe tukun."

Na faɗa ne kawai, amma ni kaina addu'a nake, don na ga kamar ƙaron ya yi yawa. Muka tsaya mu huɗu ba mai motsi. Can sai bakin tulun ya fara fitowa, fari-fari, sannan ƙyallen, sannan yatsun.

Malam ya sa hannu a aljihu ya fito da wani farin kallabi, ninke, ya sha ajiya. Safinatu ta toshe baki, hawaye suka zubo.

"Na Inna..."

Ya ɗaura shi a bakin tulun Inno da hannunsa, ya ja guga ya zuba. Ya ɗebi tataccen ruwan da moɗa ya sha, ya miƙo mini moɗar.

"Ban aika Bodinga ba," ya ce. "Gobe su taho. Ka ce su biyo da siminti buhu biyu, shi as sadakin da nike so bayan na ɗiyata."

Inno ta rangaɗa guɗa. Na kai moɗar baki na sha.

"Angon allura," Safinatu ta ce tana share ido, "wanga karon kar ka shafa mai sai ka tambaye ni."