Daɓen da Ya Rufe Musu Sama

Ana shirin magariba Magini ya saɓi guduma ya nufi bayan kasuwa, yana tafe yana zage-zage. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

Shi ya gina ramin nan da ke ƙarƙashin filin ajiye motoci, wanda ruwan kwatoci ke taruwa a ciki ya tsotse ta tsakuwa zuwa ƙasa. Amma Ɗan Kwangila, uban iyayi, ya ce tsakuwa ba ta da kyan gani, manya za su zo dubawa, a daɓe da siminti. Ramin tsotse ruwa fa, jama'a! Magini ya yi magana, aka ce ya bi umarni ko ya ajiye cebur. Ya daɓe.

Tun daga nan rijiyoyin unguwa suka ƙafe. Ruwa kuma da ya sauko sai ɗakin tsohuwarsa, wadda ko tashi ba ta iyawa. Yau kam ya rantse ba za ta sake kwana cikin ruwa ba.

Ya ɗaga murfin ƙarfe ya bi tsani. Warin ruɓaɓɓen ruwa, duhu, sanyi har gwiwa. Ya buga guduma.

Aka buga daga ƙasa.

Ya tsaya. Aka sake bugawa, dab da tafin ƙafarsa.

"Kai ka rufe mana sama?" Muryar a bushe take, kamar ana jan buhu a ƙasa. "Damina biyu 'ya'yanmu ba su ga ɗigo ba."

"Sa ni aka yi," ya ce da raɗa.

"Wa?"

Haushin shekara biyu ya taso masa. Ya faɗi sunan Ɗan Kwangila, har da kwatancen gidansa.

Daɓen ya tsage da kansa. Ruwa ya yi ƙasa da gurnani, yana jan sa. Wasu busassun yatsu suka damƙi idon sawunsa. Ya fizge, ya bar musu takalmi, ya haye tsani yana salati.

Ranar ɗakin tsohuwa bai jiƙe ba. Kafin wata guda rijiyoyi suka kawo ruwa.

Ɗan Kwangila kuwa, ko bokiti ya shanye, leɓɓansa a tsattsage suke. Wata rana matarsa ta tare Magini a hanya, ido jawur.

"Malam, kullum cewa yake a tambaye ka. Me ka sani?"

Magini ya dubi ƙasa. Har yanzu yana jin haushin, amma ya san bakinsa ne ya ba da sunan.