Harbin Da Babu Sallama

Ranar Alhamis, sha huɗu ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, na fita kai wa Latif goro a gidansa na unguwar Tremont, a Amurka. Ɗan abokina ne, yana kiwon raguna a wata gona bayan gari. Dila ta dame su da ɓarna.

Mako guda kafin nan ya zo shawara. Mai gonar ya ce ya zaɓi bindiga: ƙarama, wadda harsashinta ke gajiya a yadi ɗari, ko mai lamba biyu-biyu-uku, mai kaiwa yadi ɗari huɗu.

"Ɗauki ƙaramar," na ce. "Mahaifina maharbi ne. Ba ya harbin dabba sai ya yi mata sallama da ƙarfi: in ba dabba ba ce, kauce. Wa zai ji ka daga yadi ɗari huɗu?"

Ya yi dariya. "Haba Baba Ticha, aljanu ma sai da biza a Amurka!"

Ya ɗauki babbar. Ya ce mini ya kashe wata ƙaramar dila da magariba, daga can nesa.

Ranar Alhamis ɗin na tarar lif, na'urar hawa bene, ya lalace, na bi matakala. A hawa na biyu na ji warin ƙasa jiƙaƙƙiya da albarushi. Fitila tana ƙyaftawa. Daga sama, a hawa na huɗu, ina jiyo Firdaoussi, 'yar Latif mai shekara uku, tana waƙa.

Wata mata na zaune a hawa na uku. Ba takalmi, ciyawa a gashinta. Ta rungume wani abu cikin zane, tana jijjiga shi kamar jariri. Wutsiya ce ke reto daga zanen.

"Sannu, baiwar Allah," na ce.

"Kai ka iya sallama," ta raɗa. "Shi bai yi ba."

"Ya yi nisa ne. Bai sani ba."

"Da mun ji murya, da na kira 'yata ciki."

Ba fushi a muryarta. Kuka kawai ya cinye ta.

"Wace ce ƙofarsa, Baba?" ta tambaya.

Na tare hanya da sandata.

Sai Firdaoussi ta sake ɗaga waƙa.

Matar ta ɗaga kai, kunnuwanta suka miƙe.

Ta ratsa ta cikin jikina ta wuce. Sanyi ya soke ƙirjina, na faɗi, goro ya watse.

Waƙar ta tsaya.

Maƙwabta suka tsince ni, na yi kwana tara a asibiti. Firdaoussi kuwa ta kwanta a kan kafet, cokali a hannu, ba ta tashi ba. Likitoci sun ce zuciya ce. Ban yi musu ba.

Bayan sadakar arba'in an sayar da ragunan. Mai gonar ya ce yanzu da magariba yakan hangi dila biyu a bakin daji, babba da ƙarama, ƙaramar ba ta iya gudu sosai, kamar ba ta saba da ƙafa huɗu ba. Ya kulle bindigar.

Waɗanda suka rage su ne: Zuweira, uwar yarinyar, wadda har yau take zuba abinci a ƙaramin kwano, Latif, mai yi wa kowace mage ta titi sallama, da ni, da ba na iya hawa matakala.