Mamacin da Ke Neman Rangwamen Haraji

Da hantsi wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda, riƙe da ambulan da hannu biyu kamar wadda ta ɗauko garwashi. Sai da Sufeto ya ce mata ta zauna sau biyu kafin ta ɗosana a bakin benci.

Takardar daga ofishin haraji take. Ana gayyatar mijinta ranar Litinin, ya zo ya yi bayanin kuɗaɗen aikin da ya nemi a cire masa kafin a yanka masa haraji. An haɗo da kwafin fom ɗin da ya cika watan jiya.

"Yallaɓai, shekararsa uku a ƙasa," in ji ta. "Na ga fuskarsa kafin a rufe. Amma wannan sa hannunsa ne, har da 'yar ƙugiyar da yake yi a ƙarshe."

Sufeto ya yi shekara ashirin yana ganin gawa, bai taɓa jin tsikar jikinsa ta tashi a kan takarda ba sai ranar.

Ta ce Mai Firji ake kiran mijin. Shekara goma sha ɗaya yana gyaran injuna a wani kamfanin ajiyar kifi da nama. Wata Juma'a da safe aka tsince shi a ɗakin sanyi na huɗu, ya sandare. Aka ce zuciyarsa ce ta buga. Da ta je neman diyya, aka ce mata ba ma'aikacinsu ba ne, mai zaman kansa ne da suke kira in aiki ya taso. Ta dawo gida da 'yan biyu a hannu, ba ko sisi.

Sufeto ya tafi ofishin harajin. Jami'ar da ta aiko takardar ba ta daɗe a teburin ba, mai fara'a ce da saurin baki. Ta yi wa Sufeto bayani dalla-dalla. Mai albashi, in ji ta, ana cire harajinsa tun kafin kuɗi su shigo hannunsa, kayan aiki kuwa kamfani ke saye, don haka ba shi da abin nema. Mai zaman kansa shi ne ke tara rasit na haya da mai da kayan aiki, a cire daga abin da ya samu, a yanka haraji a kan saura. Wannan mutum ya daɗe a kan albashi, rana ɗaya ya koma mai zaman kansa. Tun daga nan kamfani ɗaya ke biyansa, kuma duk shekara abin da ya kashe yana cinye abin da ya samu tsaf.

"Shi ne na ce wannan bawan Allah ko abinci ba ya ci ne?" Ta yi dariya.

"Ba ya ci," in ji Sufeto. "Ya rasu."

Ta janye hannunta daga kan fayil ɗin a hankali. Da suka duba ranar da aka sauya masa matsayi, mako biyu ne kafin mutuwarsa. Sufeto ya sa hannu ya karɓi fayil ɗin.

Adireshin shagon da fayil ɗin ya ce Mai Firji na biya wa haya yana ƙarshen wani lungu, kusa da mai aski. Da farko mai askin ya rantse bai taɓa ganin kowa ba. Da ya ji za a tafi da shi ofis ya maimaita rantsuwar a rubuce, sai ya tuna. Akwai wani mai tabarau da ke zuwa ƙarshen kowane wata da rana tsaka, sanye da rigar sanyi komai zafi. Ba ya gaisuwa.

Aka fasa kwaɗon. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, sai akwatin kayan aikin Mai Firji da gizo-gizo ya yi wa saƙa. A kan teburin akwai littafin rubutu. Sufeto ya buɗa. Shafi bayan shafi, sama da ƙasa, sa hannun mamacin ne, ɗaruruwa, na farkon a karkace, na ƙarshen kamar shi ya tashi ya yi.

A kamfanin, Manaja ya tarbe shi da murmushi da ruwan gora. Ya ce marigayin bai taɓa zama ma'aikacinsu ba, kuma tun rasuwarsa ba a sake biyan kowa da sunansa ba. Akanta na tsaye a bayansa, siriri, mai tabarau, cikin rigar sanyi mai toka-toka, yana gyaɗa kai ga kowace kalma.

Sufeto ya ce a kai shi ɗaki na huɗu. Ƙofar ta kai kaurin katifa. Ciki babu sauti sai gurnanin inji, gawarwakin shanu rataye a jere, farare da ƙanƙara. Manaja ya nuna masa mariƙin da ke jikin ƙofar ta ciki, ya ce tun gina wurin yake nan, ko yaro zai iya buɗewa ya fita. Sufeto ya shafa shi. Kusoshinsa sun fi na ƙofar sabunta, kuma ƙasa da shi, daidai tsayin ƙirjin mutum, fenti ya kankare a dogayen layuka.

Akanta bai shigo ba. A bakin ƙofa ya tsaya.

Sufeto ya koma mota ya zauna da fayil ɗin a cinya, yana bin rasit ɗin shekarar farko ɗaya bayan ɗaya. Safar hannu, waya, man babur. A na ashirin da shida ya tsaya. Ya fito ya sa a kira masa Akanta shi kaɗai.

"Ƙarfe nawa aka kira 'yan sanda ranar da aka ga gawar?"

"Tara, yallaɓai."

"To ga rasit ɗin mariƙin ƙofar ɗakin sanyi. Ranar Juma'ar, bakwai da minti arba'in na safe. An sa shi cikin kuɗin aikin Mai Firji. Wa ya tashe shi ya je kanti?"

Akanta ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da ya fara magana, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, kamar mai karanta lissafi.

Wata uku Mai Firji yana roƙon a sayi mariƙin, shi kuma yana ce masa ya saya da kuɗinsa. Mai Firji ya ce shi ɗan albashi ne, wa zai mayar masa? Ranar Alhamis da yamma Akanta ya zo wucewa ya ga ƙofar a buɗe, wuta na tafiya a banza, ya tura ta da kafaɗa bai leƙa ba. Ya ji bugu yana saukowa daga bene. Ya ce wa kansa inji ne.

Da safe shi ya fara buɗewa, ya ga gawar. Aka sayo mariƙin aka kafa kafin a kira 'yan sanda. Manaja ya ce ya gyara takardu su nuna tun kafin ranar mai zaman kansa ne, ya gyara. Daga baya ya ga sunan mamaci ba ya tambaya ba ya ƙorafi, sai ya ci gaba da biyansa aikin da ba a yi ba, yana zuba kuɗin a aljihunsa, yana ƙirƙiro masa rasit don kada a sami ribar da za a bincika. Wannan kam ko Manaja bai sani ba.

"Duk cikinsu wannan kaɗai ne na gaske," ya ce, yana kallon takardar. "Ban taɓa iya jefar da rasit ba, yallaɓai."

Aka sa musu ankwa su biyu. Manaja na ta kiran lauya, Akanta kuwa ya hau bayan mota salin-alin. Sai da kurtu ya kama ƙofar zai rufe, Akanta ya sa ƙafa ya tare.

"Don Allah, akwai mariƙi ta ciki?"

Sufeto ya dube shi.

"Babu," ya ce. Ya yi wa kurtun alama ya rufe.