Kakkaɓe Kafin Ki Saka

A wani zamani, wata malama ta shirya kai ɗalibanta daji su koyi sunayen itatuwa. Da safe kakar wata yarinya ta ce mata, "'Yar nan, in kin cire takalmi a daji, kakkaɓe kafin ki saka."

A gindin tsamiya suka cire takalma suka huta. Da za su tashi, yarinyar ta kakkaɓe, ta saka. Wani yaro ya yi mata dariya. A bakin rafi ma ta kakkaɓe, ta saka.

Yaron ya ce, "Kakkaɓe min nawa ma, tunda ba ki da aikin yi."

Ta ɗauki ɗaya ta kakkaɓe. Sai ga baƙar kunama ta faɗo, wutsiya a ɗage. Dariya ta tsaya.

Ta nuna masa ɗayan, ta ce, "Wannan kuma kai za ka kakkaɓe."