Harsasan da Suka Huda Sulken Fatiha

Ran Talata da hantsi, ana tsakiyar kullen korona, Datti ya ɗauki kwanson harsashi a ɗakin gwajin jami'arsu da ke titin Jalan Semarak, can ƙasar waje, ya juya gindinsa, ya ce an yi maguɗi. Fatiha na tsaye riƙe da farantin sulkenta mai huda biyar. Shekara uku ta yi tana haɗa shi da zaren kwakwar manja, kuma in ya faɗi wannan gwaji, digirinta ya tafi ke nan.

Shi kuwa Datti ba a kawo masa wargi a kan harsashi. Shekara sha huɗu ya riƙe ma'ajiyar makaman 'yan sanda a Kano kafin karatu ya kawo shi, kuma ba ya gajiya da faɗa. Ya nuna mata yadda gindin kwanson ya baje, alamar matsi ya wuce ƙima. Harsashin gwajin sulke gudunsa mita ɗari takwas da arba'in ne a daƙiƙa, amma na'ura ta rubuta ɗari tara da ashirin, ba wanda ya duba saboda ido na kan huda. Wannan sai harsashi mai ƙarin albarushi na gwada ƙarfin bindiga, wanda ake shafa wa jan fenti don gudun kuskure. To ina fentin?

Ban da Fatiha, da shi Datti da ta kira bayan gwajin, mutum biyu ne ke da takardar izinin shiga ɗakin. Akwai Zulkiflu, ɗan ƙasar, mai harba bindigar, sai Munzali, ɗan ajinta, wanda farantinsa ke takara da nata.

Zulkiflu ya rantse daga akwatin da aka saba ya ɗiba. Ya ce jiya Munzali ne ya tsaya masa shaida da ya buɗe ma'ajiya, shi kuma ya ɗan fita sallar azahar.

"Boleh, duba akwatin lah," in ji shi, yana cuɗa yarensu, wato ba laifi a duba.

Datti ya sauke takunkumi, ya shinshina harsasan da suka rage, ya yi murmushi. Sai ya nemi Munzali.

"Malam Munzali, ka taɓa harsasan nan?"

"Ni? Tsoronsu ma nake."

"To ɗan sammini sanitaiza."

Munzali ya zaro 'yar kwalba daga aljihu ya matsa masa. Ƙamshin turaren ud ya cika ɗakin.

"Sanitaizar ɗakin nan warin asibiti take," in ji Datti. "Kai kaɗai ke zuba turare a taka, ga ƙamshinsa nan a jikin harsasan. Da ita ka goge jan fentin, ka sauya harsasan. Haba ɗan'uwa, a ƙasar mutane, kuma 'yar gida za ka yi wa?"

Da masu gadi suka zo, Munzali da kansa ya zayyana musu komai.

Ran Alhamis aka sake gwaji da harsasan ƙa'ida. Biyar aka harba, biyar ɗin suka lotse a jikin farantin, lakar awo da ke bayansa ko zurfin ɗan yatsa ba ta lotsa ba. Fatiha ta fashe da kukan daɗi. Datti kuwa alfahari ya cika shi fal, ya bi shugaban sashen har bakin ƙofa yana gaya masa, ko bai tambaya ba, cewa yarinyar nan 'yar garinsu ce.