Sabuwar Gwiwar Inna Hure

A wani ƙauye kusa da Ɗanbatta, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana matuƙar son kakarta, Inna Hure.

Inna ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa. Bayan an cire gyaɗa, aka kai ta asibiti a Kano, aka yi mata aiki. Likitoci suka sa mata sabuwar gwiwa ta ƙarfe.

Likita ya ce dole Inna ta riƙa tattaki kullum, tana lanƙwasa ƙafar. Baba, mahaifin yarinyar, ya kira ta.

"In kin taso daga makaranta, ki raka Inna zuwa ƙofar gida, ku dawo."

"To, Baba."

Ranar farko, Inna ta dogara sanda, ta yi taku biyar, ta cije leɓe.

"Wash! 'Yar nan, mu bari sai gobe."

Tausayi ya kama yarinyar. Ta mayar da ita kan gado, ta dama mata fura. Washegari ma haka aka yi. Kullum sai hira da dariya, babu tattaki.

In Baba ya dawo daga gona, yakan ce, "Kun taka?"

"Mun taka, Baba."

Bayan mako biyu, Baba ya mayar da Inna asibiti. Ya dawo fuskarsa ba walwala.

"Likita ya ce gwiwar ta fara ƙagewa. In ba ta saki ba, sai an sake kwantar da Inna. Na rasa dalili."

Yarinyar ta kasa daurewa. Ta fashe da kuka.

"Baba, ƙarya na yi maka. Ba ma takawa. Tausayinta nake ji."

"Kada ka yi mata faɗa ita kaɗai," in ji Inna. "Ni ce mai rakin."

Baba ya dafa kan yarinyar. "Da kin faɗa mini tun farko, da mun gyara."

Daga ranar, ba fashi. In Inna ta ce wash, sai yarinyar ta ce, "Saura taku uku, Inna!"

"Kai, wannan likitar ta fi na Kano zafi!" in ji Inna.

A hankali gwiwar ta saki. Bayan wata uku, Inna ta taka har gidan suna a maƙwabta, ba sanda. Mata suka yi ta guɗa.

Yarinyar ta gane cewa son mutum shi ne taimaka masa ya bi maganar likita, ko da wuya. Ba ta ƙara ɓoye wa Baba gaskiya ba.